Yadda ake ƙulla haɗin gwiwar binciken noma da jami'ar waje ba tare da ka koma ɗan aike ba

Shekaranjiya bayan la'asar wani ƙanena a wajen aiki, ƙaramin lakcara ne a fannin tattalin arzikin noma, ya tare ni a bakin masallaci yake cewa Malam don Allah wai ta ina ake bi ne, kullum sai dai mu ji wane ya tafi Amurka, wance ta samu tallafin bincike da wata jami'a a Jamus, mu kuwa ko amsar imel ba ma samu. Na ce masa wannan ba maganar tsaye ba ce, bari in zauna in rubuta in ya so duk mai buƙata ya ɗauka. To ga shi nan. Amma tun yanzu in faɗa maka ba ni da lambar wani bature da zan ba ka, abin da nake da shi shi ne abin da na gani a wannan harka, har da inda na amfana da inda aka ci gumina ina kallo.

Da farko dai ka sani abin nan ba yau aka fara ba. Tashar binciken noma ta Samaru, wadda yanzu ake kira IAR, tun 1922 take, ta koma ƙarƙashin ABU a 1962, kuma a shekarun 1960 ɗin nan jami'ar Kansas State ta Amurka ta turo malamai Zariya aka gina tsangayar noma da ta likitancin dabbobi da su, kamar yadda jami'ar Michigan State, ita ma ta Amurka, ta kama wa jami'ar Nsukka lokacin da aka kafa ta a 1960. A wancan zamanin ne wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya zauna a Samaru shi da abokan aikinsa suka riƙa bin manoman Hanwa da Doka da Dan Mahawayi gida-gida suna rubuta abin da suke yi a gona mako bayan mako. Lokacin masana na ganin manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ke damunsa. Da aka buga lissafi sai aka ga ashe manomin ne ke da gaskiya, haɗin nan ya fi kawo masa riba a fili ɗaya kuma in damina ta yi gardama ba ya tashi a tutar babu. Haka ma auduga, ana ta faɗa masa ya shuka da wuri yana ƙi, ashe lokacin ne yake fama da noman abin da zai ci kuma hannun aiki bai isa ba. Wannan aikin na cikin abin da ya sauya yadda duniya ke kallon ƙaramin manomi, kuma ba daga ofis aka samo shi ba.

Tambayar ta zama taka ce

Kuskuren da yawancinmu ke yi shi ne mu zauna muna jiran a fito da sanarwar tallafi, sai mu karanta abin da mai kuɗin ke so mu lanƙwasa kanmu mu shiga. Bana sauyin yanayi ake yayi kowa ya zama masanin sauyin yanayi, baɗi in an ce matasa kowa ya koma can. Wanda ke haka ba shi da abin da zai kai teburi, don haka duk abin da aka miƙo masa shi zai karɓa.

Kai ne ke zaune a nan. Kai ke zuwa Dawanau ka ga farashin masara ya faɗi warwas da kaka ya kuma haura kafin damina, kai ka ga abin da tsutsar da manoman Kura da Kadawa ke kira Sharon ta yi wa tumatir a 2016, kai ka san gonakin da wuta-wuta ta kori masu su, kai ka ga abin da rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya yi wa cinikin shinkafa da dabbobi tsakanin Maraɗi da Katsina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Farfesan da ke zaune a Michigan yana da laburare da kwamfuta da kuɗin tafiya, amma wannan sanin ba shi da shi kuma wallahi yana nemansa, don shi ma sai ya nuna wa mai ba shi kuɗi cewa aikinsa na taɓa mutane. To ka zaɓi matsala ɗaya, ɗaya tak, ka matse ta har ta zama tambayar da za ka iya faɗa wa mahaifiyarka da Hausa ta gane. "Matsalolin noma a Arewa" ba tambaya ba ce. "Me ya sa manomin da aka ba takin tallafi yake sayar da rabinsa a kasuwa kafin ya kai gona" wannan tambaya ce, kuma kwamishina ma zai so ya ji amsarta ko da a ɓoye ne.

Misalin da na fi so in ba ɗalibaina shi ne buhun PICS, wannan mai rufi uku da ake adana wake. Matsalar ta kowa ce, ƙwaro na cinye wake a rumbu cikin 'yan watanni, don haka manomi ko dai ya sayar da arha da kaka ko ya zuba masa magani, kuma mun san irin magungunan da ake zubawa, har abin ya kai Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015 saboda ragowar guba. Tun ƙarshen shekarun 1980 Larry Murdock na jami'ar Purdue ta Amurka ke aiki da masu bincike na Kamaru a Marwa kan yadda za a adana wake ba magani, suka tsaya a kan dabara mai sauƙi, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare ƙwaron ya daina ci ya mutu. Shi ke nan, ba wata fasahar sama jannati. Amma ka lura, dabarar ta daɗe a ajiye ba ta bazu sosai ba sai da gidauniyar Gates ta sa kuɗi a 2007 aka shiga ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, aka haɗa da IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, da INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, inda irin su Ibrahim Baoua suka yi ta gwaje-gwaje a Maraɗi, aka samu kamfanin Lela Agro a Kano yana buga buhun, aka nemo dillalai masu kai shi kasuwannin ƙauye. Sannan abin da ya fi burge ni, a ƙauye sai a cika buhu a gaban jama'a a ɗaure, bayan watanni a sake tara mutane a kwance shi kowa ya sa hannu ya duba. Gani ya kori ji. Me za ka koya a nan? Tambayar daga rumbun manomi ta fito, masu binciken gida ba 'yan rakiya ba ne, kuma tun farko an yi tunanin wa zai ƙera wa zai sayar. In tsarin bincikenka ya ƙare a "za mu wallafa takarda uku" to da sauranka.

Ka shirya kanka kafin ka ƙwanƙwasa ƙofa

Ba wanda zai haɗa kai da mutumin da in aka buga sunansa a intanet ba abin da ke fitowa sai hotunan biki. Buɗe ORCID kyauta ne, Google Scholar ma haka, shafukan intanet ne da ke tara ayyukan mai bincike a ƙarƙashin sunansa, ka gyara takardar tarihin aikinka ta zama shafi biyu ko uku, ba sai ka sa sunan makarantar firamare da kwamitin walima ba. Ka je laburaren jami'arku ka tambayi ko suna da rajistar AGORA, wannan tsarin da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke jagoranta da ke ba ƙasashe irin namu damar karanta mujallun noma, sau da yawa akwai ta ba wanda ya tambaya ne kawai.

Sai babban abu, ka yi ɗan aiki da kanka tukuna. Za ka ce ina kuɗin? To ai akwai bayanan da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke tattarawa da Bankin Duniya tun 2010, wanda ake kira LSMS, ana komawa gidaje ɗaya bayan 'yan shekaru ana tambayar abin da suka shuka, takin da suka sa, abin da suka girbe da abin da suka ci. Nijar ma tana da irinsa na 2011 da 2014. Kyauta ake saukewa, rajista kawai za ka yi. Mutanen waje sun yi digirin dakta ba adadi da wannan data alhali mu da aka tambayi kakanninmu ko buɗe ta ba mu yi. Ka koyi R ko Stata, manhajojin nazarin data ne a kwamfuta, wata uku ka matsa wa kanka, ka fitar da ɗan sakamako a kan jiharku. Ranar da za ka rubuta wa wani ka ce ga abin da na gani a bayanan nan amma akwai abin da ban yarda da shi ba saboda na san yadda ake auna gona a wajenmu, to ranar ka zama abokin magana.

Wa za ka nema, kuma ta yaya

Kar ka fara da Amurka, fara da maƙwabcinka. IITA na da tasha a Kano, ICRISAT mai binciken amfanin gonar yankunan da ba su da yawan ruwan sama na Kano kuma tana da babbar cibiya a Sadore kusa da Yamai, ga IAR da NAERLS mai kula da aikin malaman gona a Samaru, ga Cibiyar Noman Tsandauri ta BUK wadda ta zama ɗaya daga cibiyoyin da Bankin Duniya ya zaɓa a Afirka, ga INRAN da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Duk wani baƙon da zai zo binciken gero ko dawa ko wake a yankin nan ta ɗaya daga ƙofofin nan yake shigowa. Ka riƙa zuwa taron ƙara wa juna saninsu ko ba a ba ka kuɗin mota ba, ka yi tambaya mai ma'ana, ka karɓi aikin da wasu ke rainawa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Taron shekara na ƙungiyar masana tattalin arzikin noma ta Najeriya ma kar ka raina shi, kuma ka duba ko jami'arku na cikin RUFORUM, wannan gamayyar jami'o'in Afirka mai hedikwata a Kampala, suna fitar da tallafin ɗalibai da na ƙananan bincike.

Kuma ba dole sai bature ba fa. WACCI, cibiyar inganta iri da ke jami'ar Ghana, wadda aka kafa a 2007 da haɗin gwiwar jami'ar Cornell ta Amurka, ta horar da masu ƙirƙirar iri da dama daga Najeriya da Nijar. Cibiyoyin Tegemeo a Kenya da IAPRI a Zambiya sun yi nisa a binciken manufofin noma, kuma matsalolinsu na tallafin taki da farashin masara kamar an kwafo namu ne.

In ka tashi rubuta imel, mutum ɗaya za ka rubuta wa, wanda ka karanta aikinsa da gaske. Ba "ya mai girma" ba dogon kirari, su ba su san wannan ba kuma sai su ɗauka 'yan damfara ne, ka san sunan da muka yi a wannan fannin. Yi amfani da adireshin imel na jami'a. Layi na farko ka ce kai wane ne kuma a ina kake. Na biyu ka ambaci takardarsa da abin da ka gani a ciki da ya dace ko ya saɓa da abin da ke faruwa a wajenku. Na uku ka faɗi abin da ke hannunka, ƙauyukan da ka saba da su ne, ɗalibai ne, data ce ta farashin kasuwa da ka yi shekara biyu kana tarawa. Sannan ka nemi minti ashirin a Zoom. Kar ka nemi kuɗi, kar ka nemi biza, kar ka maƙala takardu goma. In shiru, bayan sati biyu ka tuna masa sau ɗaya, in shiru kuma ka wuce gaba, ba gaba ba ce. Wata dabara, ƙananan malamai da masu neman digirin dakta sun fi saurin amsawa fiye da manyan farfesoshi, kuma su ne manyan gobe.

Inda ake cin mutane

Nan ne nake so ka nutsu. Akwai takardar fahimtar juna da shugabannin jami'a ke sa wa hannu a ɗauki hoto a sa a kalanda, wannan ba ta ɗaure kowa, na san waɗanda suka shekara goma a durowa ba abin da ya biyo baya. Takardar da ke da haƙori ita ce yarjejeniyar aikin kanta, mai kasafin kuɗi da jadawali da sunan wanda zai yi me.

Ni kaina na taɓa ƙonewa. Wasu baƙi suka zo ta hannun wani babba, aka ce mu taimaka, na kwashi ɗalibai muka yi makonni muna yawo a ƙauyuka cikin zafin bazara, muka cike takardun tambayoyi muka tura, aka biya mu alawus muka yi godiya har da addu'a. Bayan shekara biyu ina bincike sai ga takardar ta fito a babbar mujalla, sunaye huɗu ba nawa, a can ƙasa an rubuta ana godiya ga "masu tattara bayanai na yankin". Na nemi datar in ba ɗalibina ya yi mastas da ita aka ce sai an nemi izini, har yau ana nema. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Kuma in na faɗi gaskiya laifina ne, ban tambaya ba, kunya ta hana ni, ina ganin kamar rashin ta ido ne ka ce wa baƙo ina sunana zai fito.

To kai ka tambaya, su a al'adarsu ba abin kunya ba ne, hasali ma sun fi girmama wanda ya tambaya. Tun kafin a fara a rubuta takardu nawa ake sa ran fitarwa, wanne ne kai za ka jagoranta sunanka ya zo farko, kuma ka sani jagoranci na nufin kai za ka yi rubutun ba wai a maƙala ka don Allah ba. A rubuta cewa kwafin data cikakke, wanda aka tsaftace, zai zauna a jami'arku kuma ɗalibanku na da damar amfani da shi. A sa ka a zaman tsara tambayoyin, don nan ne ake yanke komai, wanda aka kira bayan an gama tsarawa ɗan aike ne ko da an kira shi babban abokin hulɗa.

Batun kuɗi kuma ka shiga da ofishin kula da bincike da ofishin kuɗi na jami'arku tun ranar farko, kar ka bari sai kuɗi sun taso. Ka tambaye su ta wane asusu za su shigo, kwana nawa ake ɗauka kafin a fitar, kaso nawa jami'a ke cira na hidima, don jami'ar waje tana cire nata kuma ba ta jin kunya, ku ma ku sa naku a kasafi. Ka nemi a yi kasafin da dala ko yuro, duk wanda ya yi nasa da naira kafin 2023 ya san abin da ya same shi bayan an saki canji aka cire tallafin mai. Ka nemi a ba da wani kaso kafin a fara aiki, saboda tsarin "kashe naka mu biya ka daga baya" ba zai yiwu ga malamin da albashinsa ba ya kai ƙarshen wata ba. Kuma damina ba ta jiran sa hannun kowa, in kuɗin gwajin gona suka iso a watan Agusta to shekarar ta tafi. Kayan aiki, mota ce ko kwamfuta ko na'urar ɗakin gwaji, a rubuta na wa ne bayan an gama. Rasit kuwa ka riƙe shi kamar takardar gado, aikin da ya fi kowanne kyau in lissafin kuɗinsa ya rikice ba za a sake kiranku ba, kuma ba kai kaɗai za a shafa wa baƙin fenti ba har waɗanda za su zo bayanka.

In aikin ya shafi fitar da iri ko ƙasa ko wani samfuri zuwa waje akwai takardun izini, kar wani ya ce ka zuba masa a jaka. In kuma iri ne da aka sauya wa halitta, irin waken SAMPEA 20-T da IAR ta fitar a 2019 tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka AATF da hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya CSIRO don maganin tsutsar da ke cin furen wake, to wannan sai da izinin hukumar NBMA mai sa ido kan irin waɗannan abubuwa a Najeriya, kuma ka shirya amsa tambayoyin jama'a da haƙuri don mutane na da damuwa a kai kuma suna da haƙƙin a yi musu bayani.

Abu ɗaya da nake cewa kar ka sassauta a kai shi ne ɗalibai. Mota za ta tsufa, kwamfuta za ta mutu, amma yarinyar da ta yi dakta a cikin aikin tana nan shekara talatin. Shirin manufofin noma da Michigan State da IFPRI, cibiyar binciken manufofin abinci ta ƙasa da ƙasa, suka gudanar a Najeriya daga 2015 zuwa 2020 yana da wani tsari da na yaba, ana ɗaukar ɗalibin mastas ko dakta ya je can ya yi zango, sannan malamin da ke duba shi ma ya je na ɗan lokaci, kenan ba a raba ɗalibi da gidansa ba. Irin wannan za ka nema.

A gona

Wannan kai ka fi baƙin sani don haka ba zan ja ba. A fara da gaida mai gari, a shiga da malamin gona na yankin, a nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma a gaya wa manomi gaskiya cewa ba rabon taki aka zo yi ba, in ba haka ba kowa zai ce gonarsa ta ninka kuma bai girbi komai ba. A ɗauki mata cikin masu tambaya, don namiji baƙo ba zai shiga cikin gida ya ji yadda ake sarrafa gyaɗa da abin da yara suka ci jiya ba. Fassarar tambayoyi zuwa Hausa a zauna a yi ta tare a gwada ta a ƙauye ɗaya, kar a bar kowa ya fassara a bakinsa. Ma'auni kuma shi ne ramin da baƙi ke faɗawa, tiyar wannan kasuwa ba ita ce ta waccan ba, damin gero ba kilo ba ne, ku tafi da sikeli ku auna. Gona ma a zagaya ta da GPS, don binciken Bankin Duniya ya nuna masu ƙananan gonaki kan ƙara girmansu in an tambaye su, masu manya kuma su rage. Ku yi amfani da manhajar cike tambayoyi ta Kobo ko ODK a waya, kullum da dare ka duba abin da ya shigo. Maganar tsaro kuwa kai ne za ka ce wuri kaza ba a zuwa, kar taswirar wani da ke zaune a ofis mai sanyi ta sa ka tura 'ya'yan mutane inda ba za su dawo ba.

In kana son ganin yadda ake ɗaukar manomi a matsayin abokin bincike, duba abin da ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya a Maraɗi ta yi da jami'ar Hohenheim ta Jamus da INRAN kan dunƙulen iri, inda ake cuɗa ƙasa da yashi da toka da ƙwayar gero a shuka, manoman ne da kansu, yawanci mata, suka yi ta gwadawa a gonakinsu suna faɗin abin da ya yi da wanda bai yi ba.

Kai sakamakon inda ake yanke hukunci

Kwamishinan noma ba zai karanta mujalla ba, babban sakatare ma haka, kuma ba laifinsu ba ne. Shafi biyu za ka rubuta, abin da muka gano, abin da yake nufi da kuɗi, abin da muke ba da shawara a yi, wa zai yi. Kuma mutumin da ya kamata ka yi abota da shi ba kwamishina ba ne don shi gobe an sauya shi, daraktan tsare-tsare da ƙididdiga na ma'aikatar ne, shi ke rubuta daftarin kasafi, shi ke shirya takardar da jiha ke kaiwa taron majalisar noma ta ƙasa. Ka jawo shi tun ranar da ake tsara tambayoyi, ka tambaye shi me yake so ya sani, in da hali ka tafi da shi ƙauye sau ɗaya. Ka kuma san lokaci, tun tsakiyar shekara ma'aikatu ke fara haɗa buƙatunsu na kasafin baɗi, wanda ya kawo shawara a Disamba ya makara.

Sai ka shirya faɗin abin da ba a so a ji. Farfesa Saweda Liverpool-Tasie ta Michigan State da abokan aikinta sun duba wannan datar ta LSMS da na ambata, suka nuna cewa manoman masara a Najeriya na sa taki fiye da yadda ake ta faɗa, kuma a wurare da yawa ƙarin takin ba ya biyan kansa saboda ƙasar ba ta amsawa sosai ga kuma tsadar ɗauko shi zuwa ƙauye. Wannan magana ce mai ɗaci ga duk gwamnatin da manufarta ta noma ta tsaya a rabon buhunan taki a gaban kyamara, don tana nufin sai an duba lafiyar ƙasa da iri da hanya da malaman gona. Irin wannan sakamakon ba a jefa shi a Facebook da zagi, a ɗaki ake fara faɗa wa masu abin, a ba su hanyar gyara da ba za ta kunyata su ba. Amma kuma ba a sauya lamba don a faranta wa kowa, ko gwamnati ko mai ba da tallafi. Rediyo ma kar ka manta da shi, minti goma sha biyar da Hausa a shirin manoma ya fi taron otal da ake raba jaka da biro.

Ranar da kuɗin suka tsaya

Za su tsaya, ka sa wannan a ranka. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ayyukan USAID, hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, zuwa tsakiyar shekarar an rufe hukumar, kuma akasarin cibiyoyin binciken shirin yaƙi da yunwa na Feed the Future da ke jami'o'in Amurka suka tsaya cak, wasu ana tsakiyar gwajin gona, ɗalibai na tsakiyar karatu. Waɗanda suka dogara da wannan ƙofa ɗaya sun ji jiki, kayan aro dama ba ya rufe katara. Don haka tun kana cikin daɗi ka nemi ƙafa ta biyu, ka rubuta wa TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, neman tallafin bincike na ƙasa da datar da kuka tara, ka duba ɓangaren Turai da gidauniyoyi masu zaman kansu, ka gwada kamfanonin iri da masu sarrafa shinkafa da ke da tambayoyin da za su iya biya a amsa musu. IAPRI ɗin da na ambata a Lusaka asalinta aikin Michigan State ne da aka fara a 1999, daga baya 'yan Zambiya suka mayar da shi cibiyarsu mai hukumar gudanarwarta, to irin wannan tunanin za ka shiga da shi, me zai rage a sashenku in baƙin sun tafi.

Ka ajiye data a wuri uku, ɗaya ba a kwamfutarka ba. Ka riƙe zumunci da abokin aikin ko ba kuɗi a tsakani, ku ci gaba da rubutu tare, sau da yawa aiki na biyu daga nan yake fitowa. Sannan a kasafin tun farko ka ware kuɗin komawa ƙauyukan da aka yi tambayoyi, ko na mai da lemo ne, ka je kafin saukar ruwan fari lokacin da mutane ke da sarari, a shimfiɗa tabarma a ƙofar mai gari ka faɗa musu abin da aka gano da bakinsu, a yi wa mata nasu zaman daban, kuma ka tafi da littafi don za su gyara maka abubuwa da dama.